Yadda Na Rufe Ajin Asabar

Shekarar da na yi ritaya daga koyarwa na dawo Yelwa da zama. Shekara talatin da biyar na yi ina riƙe da alli, mafi yawansu a ƙauyukan Ngaski, daga Wara har can bakin ruwa inda idan damina ta yi nisa sai da kwalekwale ake isa makaranta. Na dawo da akwatin littattafai da ciwon gwiwa, da kuma wani hali da ban san ina da shi ba. Na saba in yi magana kowa ya yi shiru.

A cocinmu ba mu da yawa. Unguwar kusan duk Musulmi ce, masunta da manoman albasa, muna zaune lafiya, da kiran sallarsu ma muke sanin lokaci. Da yake na yi boko kuma ga furfura, ba a daɗe ba aka sa ni cikin dattawan ikkilisiya. Idan fasto ya yi tafiya, ni ke yin wa'azi.

Ana haka aka buɗe ajin manya na nazarin Littafi Mai Tsarki, kowace Asabar bayan la'asar. Wadda aka ba ajin wata mata ce da ba ta kai arba'in ba, malamar sakandare, ta yi karatun tauhidi a Jos ta dawo gida. Ni na koya mata baƙi da wasali a Wara. Ina tuna ta da gajeren gashi da takalmin roba ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Duk inda ta gan ni sai ta rusuna ta ce, "Baba Malam, ina wuni." Na shiga ajin ne don in ƙarfafa mata gwiwa, haka na gaya wa matata. A cikin raina kuwa na ɗauka zan zauna a gefe ne in riƙa gyara mata.

Mu goma sha huɗu ne. Akwai tela, akwai 'yan kabu-kabu biyu, akwai matan zumuntar coci, akwai wani tsohon soja. Sai wata tsohuwa mai bandar kifi a kasuwar Yelwa, wadda kowa ke kira Gwaggo. Ta girme ni da kusan shekara goma sha biyu. Gungu ɗaya aka haife mu, a tsakiyar kogi, kafin a datse ruwan Kainji ya cinye garin. Ni ina ƙaramin yaro aka tashe mu, ita kuwa amarya ce a lokacin. Ba ta san ko harafi ɗaya ba, amma ita ke fara zuwa. Takan zauna a bencin gaba, ƙanshin hayaƙin banda na tashi daga zanenta.

Malama ta ce duk labarin da muka ɗauka ta fuska uku za mu dube shi: abin da tarihin al'ummomin zamanin ya rubuta, da abin da masu tonon kufai suka tarar a ƙarƙashin ƙasa, sannan abin da labarin ke koya mana game da Allah. Labarin da muka fara da shi shi ne na cin Urushalima da yaƙi, da kwashe mutanenta zuwa bauta a Babila.

Dole in faɗi gaskiya, makonnin farko sun yi mini daɗi. Takan miƙa wayarta hannu zuwa hannu mu ga hotuna. Mun ga ramin da aka tona, ƙasa hawa-hawa, a tsakiya ga layin toka baƙi ƙirin inda gidaje suka ƙone. Mun ga kawunan kibau. Mun ga wani allon yumɓu na mutanen Babila, da rubutu kamar sawun kaza, wanda ta ce lissafin abincin da ake ba sarkin Urushalima da aka kama ne. Tsohon sojan ya daɗe yana kallon kibau ɗin, ya ce, "Ashe da gaske an yi."

Wata Asabar ta zo da tsingaro a cikin leda. Ta ce a bakin tafkin Kainji ta tsinto shi, wajen da ruwa ke janyewa da rani. Ta so ta nuna mana yadda masana ke gane zamanin gari daga fasassun tukwanensa. Ba ta gama bayani ba Gwaggo ta karɓe shi, ta shafa zanen bakinsa da babban yatsa.

"Wanga aikin matan gungunmu ne," in ji ta. "Da ƙashin kifi suke wanga zane. Tulun ruwa ne, ba na dahuwa ba, ga shi babu baƙin wuta."

Malama ta tafa hannu don murna. "Kun gani? Abin da suke zuwa jami'a su koya ke nan. Gwaggo ta riga su."

Kowa ya yi dariya, har da ni. Amma na ji wani abu ya ɗan soke ni. Sati huɗu ina ajin, ba a taɓa tafa mini ba.

A sati na shida abin ya faru. Malama ta ce bayan an ƙone birnin ba kowa aka kwashe ba. An tafi da sarki da fādawa da malamai da maƙera, amma talakawa da yawa sun zauna. Ta ce masu tono sun tarar da wasu garuruwa arewa da birnin da babu alamar ƙuna a cikinsu, mutane sun ci gaba da noma da haihuwa.

Ni kuwa na sha yin wa'azi a kan labarin nan. Nakan ɗaga murya in ce ƙasar ta zama kango, ko kare bai rage ba, shekara saba'in babu mai hura wuta. Mutane na son wannan wa'azin. Rabin waɗanda ke zaune a ajin sun ji shi daga bakina.

Na ɗaga hannu, ban jira ta ba ni dama ba. "Malama, nan kam kin kauce. Littafi ya ce an bar ƙasar babu kowa. Ba za mu bar maganar Allah mu bi fasassun tukwanen Turawa ba."

Ba ta nuna ɓacin rai ba. "Baba Malam, akwai wurin da ya yi maganar ƙasar ta zama kufai ta huta, gaskiyarka. Za mu zo kansa. Amma ka taimake mu da wannan." Ta faɗi sura da aya. "Muryarka ta fi tawa kaiwa baya."

Na miƙe, na gyara tabarau, na buɗe, na soma karantawa da muryar da nake wa'azi da ita. Ina tsakiyar ayar na gane abin da nake karantawa. A fili take: shugaban yaƙin ya bar matalautan ƙasar su kula da gonaki da kurangar inabi. Na sha wuce ayar nan ban gan ta ba. Dole na kai ƙarshenta. Muryata ta yi ƙasa har ɗan kabu-kabun da ke baya ya ce bai ji ba, a maimaita.

Babu wanda ya yi dariya. Da sun yi, wataƙila da na yi tare da su an wuce wurin. Shirun ne ya fi ƙona ni.

Gwaggo ce ta katse shi, kuma na san yanzu da kyakkyawar niyya ta yi. "Ai Malam, haka anka yi muna," ta ce. "Ranar da motoci sunka kwashe ku zuwa sabon gari, duk wanda ya hau mota cewa yake gungu ya mutu, babu kowa. Amma mu gida bakwai ba mu hau ba. Munka koma kan tudun gefe munka kafa bukkoki. Wanda ya tahi, gare shi gari ya ƙare. Wanda ya tsaya yana nan yana hura wuta. Duk su biyu ba ƙarya sunka yi ba."

Malama ta buɗe baki za ta yi magana, fuskarta cike da fara'a. Na riga ta.

"Gwaggo, nan wurin karatu ne, ba rumfar kifi ba. Wanda bai san ko baƙi ɗaya ba ya bari waɗanda suka sani su yi magana."

Har yau idan na tuna kalmomin nan sai in ji kunnuwana sun yi zafi. Gwaggo ta dube ni, ta gyara ɗankwalinta, ta sunkuyar da kai. Malama ta rufe da addu'a da wuri.

A gida matata ta ga fuskata ta tambaye ni. Na ba ta labarin, amma na cire ayar, na cire abin da na gaya wa Gwaggo. Na ce yarinyar nan tana koya wa mutane shakkar Littafi. Da na faɗa sau ɗaya sai na ji ya zauna a bakina. Kafin Litinin na yarda da shi da kaina.

Na je wurin fasto. Mutum ne mai sanyin hali, bai daɗe da zuwa garin ba, kuma yana jin nauyin dattawa. Na gaya masa Malama ta ce tsingaro ya fi aya gaskiya. Ba ta taɓa faɗin haka ba. Na ce ta kawo abin da aka tsinto a kufai cikin ɗakin sujada tana zagayawa da shi. Wannan ya faru, amma na san yadda zai faɗa a kunnen mutanen da iyayensu suka bar tsafi da ƙyar.

Aka kira taron dattawa ranar Alhamis da hantsi. Mu biyar muka zauna a kujeru, ita aka ba ta benci. Ta zo da littattafanta da takardun darasi, ta bayyana abin da take koyarwa dalla-dalla. Ta ce ba ta ɗora tono a kan Littafi ba. Ta ce sanin cewa an yi toka da kibau na gaske yana sa mutum ya ji kukan mutanen, ya kuma gane cewa Allah bai rabu da waɗanda aka kwashe ba, bai manta da waɗanda aka bari ba. Dattawan ba su bi rabin maganar ba. Ni suke kallo, ni ne mai boko.

Can fasto ya tambaye ta, "Ɗiyata, ko akwai wani saɓani tsakaninki da wani a ajin, wanda ya kamata mu sani?"

Ta ɗago ta dube ni. Ba kallon tuhuma ba ne. Jira take in yi magana da kaina. Na mai da idona kan tagar. A waje wani yana shanya komar kamun kifi a kan katanga, na tsaya ina kallonsa kamar ban taɓa ganin koma ba.

"Babu, Baba Fasto," ta ce.

Aka yanke a dakatar da ajin sai an ƙara bincike. Da za ta fita ta rusuna ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kaina ta ce, "Baba Malam, a huta lafiya." Na amsa.

Na ɗauka abin zai tsaya a ɗakin nan. Bai tsaya ba. Kafin sati biyu magana ta zaga cewa Malama ta dawo daga Jos da baƙon addini. Wasu suka ce ƙasar kabari ta kawo coci. Aka cire ta daga jagorancin waƙa a zumuntar mata ba tare da an gaya mata dalili ba. Ranar Lahadi takan zauna a bencin ƙarshe, wurin da ke kusa da ita babu kowa. Ni kuwa ina gaba cikin dattawa. Har wani ya riƙe hannuna bayan sujada ya ce Allah ya saka mini da na tsare garke.

Wajen wata biyu ke nan, ranar kasuwa, matata ta aike ni sayen kifi. Na yi niyyar kauce wa layin su Gwaggo, sai dai cunkoson masu sauke buhunan albasa ya tura ni can. Ta gan ni kafin in juya.

"Malam, taho."

Na je na tsaya gaban tirenta. Tana jera tarwaɗa banda, ba ta daina ba.

"Ni ka zaga," ta ce. "In ƙara za ka kai, da ni ka kai. Mi yarinyar ga ta yi maka?"

Na fara cewa maganar ba ta mutum ɗaya ba ce, ta koyarwa ce. Ta ɗaga hannu.

"Bari. Ni ban iya karatu ba, ka faɗi gaskiya. Amma ina da kunne, na ji abin da ka karanta da bakinka." Ta ajiye kifin da ke hannunta. "Kana yaro, ba ka sani ba. Shekarar farko a sabon gari gonakin da anka ba ku ba su yi komai ba, ruwa kuma ya yi muku nisa. Kifin da kunka ci shekarar nan, wa kake tsammani ya kama shi? Mijina ne. Ni ke banda shi, in ɗauko a kai in kawo ma Innarka. Tana kuka tana karɓa, tana cewa ashe da sauran mutane a can. Kai kuma kana riƙe da zanenta."

Ban san wannan ba. Inna ba ta taɓa faɗa mini ba, ko kuma ta faɗa ban saurara ba. Na tsaya a tsakiyar kasuwa, mutane na ture ni ta kowane gefe, na rasa inda zan sa idona.

"Tunda nike," ta ci gaba, murya ƙasa-ƙasa, "ba a taɓa karanta mini Littafi a tsaya a ce, Gwaggo, mi kika gani ba. Sai ita. Kai kuma ka rufe ajin."

Ta naɗe kifi uku a takarda ta miƙo mini. Na sa hannu a aljihu, ta ce in bari, ta gaida matata. Ɗaukar ƙunshin nan zuwa gida ya fi mini ɗaukar buhun gero nauyi.

Da na isa na zaunar da matata na gaya mata duka, har ayar, har zagin. Ta ji ni har ƙarshe. Sannan ta ce, "Na san da abin da ka rage. Shekara nawa muna tare? Jira nake ka gaji."

Washegari na je wurin fasto na warware masa. Ya riƙe kai, ya ce shi ma da laifinsa, da ya je ajin ya ji da kunnensa. Ya ce za a iya gyarawa a taron dattawa, a rufa mini asiri. Na so in karɓa, har na ce to. Na kai ƙofa na dawo. Ɓatancin a bainar jama'a ya yaɗu, na ce, gyaran ma a can ya kamata.

Ranar Lahadi bayan sanarwa na miƙe. Na yi wa'azi a ɗakin nan ba sau ɗaya ba, amma ranar ba wa'azi na tashi yi ba. Na ce abin da na faɗa a kan Malama ƙarya ne. Na ce an gyara mini kuskure ne a gaban mutane, girman kai ya hana ni haɗiyewa. Na ce na ci mutuncin Gwaggo, wadda ta ciyar da gidanmu ina yaro. Na karanta ayar, wannan karon har na baya suka ji. Na roƙi gafararsu su biyu. Ban iya duban bencin ƙarshe ba.

Bayan an tashi Malama ta same ni a bakin ƙofa. Idanunta sun yi ja.

"Baba Malam, na yafe," ta ce. "Amma ya yi mini ciwo. Da wani ne da sauƙi."

Na ce na sani.

Aka ce ajin zai dawo Asabar mai zuwa. Na ajiye kujerar dattawa da kaina na wata shida, na kuma ɗauki alkawarin bin 'yan ajin gida-gida. A nan na ga iyakar abin da tuba ke iya gyarawa. Telan ya ce ya riga ya ba Asabar wani aiki. Wata mata ta ce mijinta ya hana, kuma ba ya coci ranar da na yi magana, don haka labarin farko ne a kunnensa. Na je na same shi a bakin ruwa yana like kwalekwalensa. Ya saurare ni har na gama, ya goge hannu a riga.

"To Malam, wanne za mu ɗauka? Na da ko na yanzu? Duk bakinka ne."

Na ce na yanzu. Ya ce zai yi tunani. Matarsa ba ta dawo ba.

Cikin mu goma sha huɗu, shida ne suka zo Asabar ɗin. Gwaggo na ciki, amma ta bar bencin gaba ta koma na uku, kuma sai da aka yi makonni kafin ta sake buɗe baki. Mun ƙarasa labarin bautar har dawowar mutanen, da rigimar da ta tashi tsakaninsu da waɗanda suka tarar a ƙasar. Da shekara ta zagayo aka yi wa Malama canjin wurin aiki zuwa wajen Shanga. Ban sani ba ko ita ta nema. Ban tambaya ba, don ina tsoron amsar.

Fasto ya ce in karɓi ajin tunda babu wani. Na ce a'a. Ya ce in ban karɓa ba, ajin zai mutu. Na kira Malama a waya na gaya mata. Ta ce za ta riƙa turo mini darasi da hotuna kowace Laraba, in karanta, abin da ban gane ba in tambaye ta kafin Asabar.

Haka muke yi yanzu. Mu tara ne. Satin da ya wuce tsohon sojan ya tambaye ni wane irin hatsi mutanen suka ci a Babila, na ce ban sani ba, zan tambayo Malama.